Taka-tsantsan da Ƙwallo, Ganganci da Jiki

Daga cikin mas'alolin da masoya ƙwallon jami'o'in Amurka suka daɗe suna saɓani a kansu, har suka rabu tamkar mazhabobi biyu, mas'alar taka-tsantsan ita ce ta fi daɗewa. Asalinta kuwa ƙa'idar wasan ce, domin ana bai wa ƙungiya dama huɗu ta matsa da ƙwallo gaba yadi 10, idan kuma uku suka wuce bukata ba ta biya ba, sai mai horarwa ya zaɓa: ko ya yi kasada da ta huɗu, ko ya sa a doka ƙwallon can nesa, abokan hamayya su faro daga inda ba su so.

Limamin mazhaba ta farko shi ne Woody Hayes, wanda ya riƙe ƙungiyar Jami'ar Jihar Ohio daga 1951 zuwa 1978. Hujjar mabiyanta ita ce, duk ƙwallon da aka jefa sama, ko naka ya cafe, ko ta faɗi ƙasa, ko abokin karawa ya fauce, biyu ke nan daga cikin uku asara. Saboda haka gara ɗan wasa ya rungume ta a ƙirji, ya kutsa cikin ƙarti, yadi uku-uku cikin ƙura, har lokaci ya ƙare. Ɗaya mazhabar, wadda Chip Kelly ya ɗaukaka a Jami'ar Oregon tsakanin 2009 da 2012, tana ganin wannan tsoro ne aka yi wa rawanin hikima, don haka 'yan wasanta ba sa tsayawa shawara, suna tashi daga faɗuwa sai su sake jeruwa, har numfashin abokan karawa ya sarƙe.

Amma wanda ya yi nazari da basira zai tarar mazhabobin nan a kan tushe ɗaya suka ginu, wato gajiyar da abokin hamayya, kuma ba ya gajiya sai naka jikin ya fi nasa juriya. A nan ne abin mamaki yake, domin magabatan da suke rowar ƙwallo ba su yi rowar jikin almajiransu ba. A 1954 mai horarwa Bear Bryant ya kwashi 'yan wasan Jami'ar Texas A&M zuwa garin Junction, cikin fari da tsananin zafi, ya yi kwana goma yana ba su horo, ana hana su ruwa a fili, har mafi yawansu suka tsere, alhali a wannan shekara wasa ɗaya tak suka ci cikin goma.

Sannu a hankali ilimi ya maye gurbin azaba. A 1969 Jami'ar Nebraska ta ɗauki Boyd Epley domin gina ƙarfin 'yan wasa bisa tsari, ta kuma zama zakara a 1970 da 1971. A 2003 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta wajabta kwana biyar na sabo da zafi a farkon atisaye, sannan a 2017 ta hana manyan jami'o'i atisayen karo sau biyu a yini.

Hukuncinmu dai shi ne, saɓani a kan dama ta huɗu ijtihadi ne, wanda ya yi kuskure wasa kawai ya rasa. Lafiyar ɗalibi kuwa amana ce, a can taka-tsantsan ya zama wajibi.