Mafari a Gaban Sandar Dafawa

Daga cikin hanyoyin motsa jiki da suka yaɗu a biranen Ingila da Amurka cikin 'yan shekarun nan, har labarinsu ya iso mana ta wayoyin hannu, akwai wadda ake kira barre, wadda duk mai duba hotunanta zai ga mata jere a gaban madubi, kowacce ta dafa wata sanda da aka kafe a jikin bango daidai ƙugu, ta ɗaga dugadugai, ta ɗan rusuna, tana wani motsi ƙanƙane wanda ido bai cika kama shi ba. Wanda bai taɓa gwadawa ba yakan raina abin, ya ɗauke shi wasa. Wanda ya gwada kuwa yakan fito cinyoyinsa suna karkarwa. Ni ina cikin masu ganin alherin wannan fanni, musamman ga mafari wanda jikinsa ya daɗe bai sha wuya ba, amma ina da ja a kan yadda ake tallarsa, domin alkawarin da ake yi wa masu shiga daban yake da fa'idar da ke cikinsa, kuma ina jin tsoron kada alkawarin da ba ya cika ya kori mutane daga fa'idar da ke tabbatacciya.

Asalin sandar nan daga ɗakunan koyon rawar bale take, rawar da ta tsiro a fadojin Italiya, ta girma a Faransa, inda Sarki Luwi na 14 ya kafa mata makaranta a shekarar 1661, malaminsa Pierre Beauchamp kuma ya tsara tsayuwar ƙafa iri biyar waɗanda har yau su ne ginshiƙin fannin. Abin lura shi ne, a cikin wannan rawa babu wanda ya girme wa sanda. Yarinyar da ta shigo jiya, da gwanar da ta shekara ashirin tana tashe, dukkansu da dafa sanda suke buɗe darasin kowace rana, su lanƙwasa gwiwa su miƙe, su ɗaga dugadugai su sauke, sa'an nan a yarje musu su fita tsakiyar fili.

Wadda ta fitar da sandar daga hannun 'yan rawa ta miƙa wa sauran mata ita ce Lotte Berk, Bayahudiya 'yar ƙasar Jamus, haifaffiyar birnin Kolon a 1913, wadda ta tsere zuwa Landan tare da mijinta da 'yarta lokacin da mulkin Hitila ya hana Yahudawa sakat. Rawa ce sana'arta, har ciwon baya ya same ta. A cikin jinyar nan ne ta haɗa abin da ta sani na horon 'yan rawa da abin da ta koya wajen masu gyaran ƙashi da gaɓoɓi, ta fitar da wani tsari wanda ya dawo mata da ƙarfinta. A 1959, tana da shekara 46, ta buɗe wurin koyarwa a wani ɗakin ƙasa a Titin Manchester, ba ta karɓar kowa sai mata zalla. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, gama a kansa duk hujjata ta ginu: fannin nan a wurin jinya aka haife shi, hannun mace mai ciwon baya wadda ta wuce shekarun ƙuruciya, kuma domin matan da ba 'yan rawa ba aka buɗe ƙofarsa tun farko.

Daga nan silsilar ta miƙe zuwa Amurka. Wata ɗalibarta, Lydia Bach, ta buɗe makaranta da sunan malamarta a birnin New York a 1971, makarantar da ta rayu har 2005, kuma daga cikin waɗanda suka yi karatu a can ne da waɗanda suka kwaikwaye su aka sami masu kafa manyan kamfanonin yau. Burr Leonard ta kafa The Bar Method, Carrie Dorr ta fara Pure Barre a jihar Michigan a 2001, barre3 kuma ya biyo baya a birnin Portland a 2008, har wasunsu suka wayi gari da ɗaruruwan rassa. Ita Lotte Berk ta rasu a 2003, ba ta ga ƙarshen bunƙasar abin da ta shuka ba. 'Yarta Esther Fairfax ce ta ci gaba da koyar da tsarin uwar a Ingila.

Darasi guda yakan ɗauki abin da bai wuce sa'a ɗaya ba. Akan shiga ba takalmi, sai safa mai ɗigon roba a tafinta don kada santsi ya ɗebi mutum. Akan fara da ɗumama jiki, a ɗauki ɗan ƙarfe wanda nauyinsa bai fi kilo ɗaya ko makamancin haka ba a yi aikin damtse da kafaɗa, sa'an nan a koma ga sanda domin cinyoyi da ɗuwawu da sha-raɓa, a ƙare a kan shimfiɗa da aikin tsokar ciki da miƙa gaɓoɓi. Sirrin abin yana cikin ƙanƙantar motsin. Malama za ta ce a rusuna, a tsaya a nan, a sauka inci ɗaya, a hau inci ɗaya, a yi ta maimaitawa ba tare da an miƙe an huta ba. Da yake tsokar ba ta samun sararin sakewa, nan da nan sai gajiya ta kama ta, ƙafa ta soma rawa ba da izinin mai ita ba. Wannan karkarwa ita ce abin da ke firgita baƙo a ranar farko, alhali kuwa alama ce kawai cewa tsoka ta iso iyakarta, kuma tana samun tsofaffin ɗalibai kamar yadda take samun sababbi.

To, dalilin da ya sa nake ganin wannan fanni ya dace da mafari fiye da mafi yawan abin da ake yayi, shi ne an gina shi bisa tadriji. Mutumin da ya shekara goma yana zaune a ofis, ko matar da haihuwa da hidimar gida suka raba ta da kulawa da jikinta, idan aka jefa su cikin guje-guje da tsalle-tsalle tun ranar farko, galibi abu biyu ne ɗaya zai faru: ko gwiwa ta ƙi, ko zuciya ta karaya. A nan kuwa babu tsalle, ƙafa ba ta dukan ƙasa, kuma ga abin dafawa a kusa wanda ba wanda zai ji kunyar riƙewa tun da kowa a ɗakin riƙe yake da shi. Wadda ba ta iya ɗaga dugadugai sai ta bar su a ƙasa, wadda ƙarfen ya yi mata nauyi sai ta ajiye ta yi da hannu wofi, wadda ba ta iya rusunawa sosai sai ta tsaya inda ta iya, kuma duk da haka tana cikin darasin, ba a bar ta a baya ba. Kamar dai yaron makarantar allo ne, wanda sai ya ƙware a babbaƙu kafin a kai shi farfaru, ba wai don an raina hankalinsa ba, sai don malam ya san abin da zai ɗore ba a gina shi da gaggawa.

Har ila yau akwai wata fa'ida wadda matasa ba su cika damuwa da ita ba sai shekaru sun ja, watau daidaituwar tsayuwa. Yawan tsayawa a kan ƙafa ɗaya, da ɗaga dugadugai, da riƙe gadon baya a miƙe, suna ƙarfafa idon sawu da ƙananan tsokokin da ke tallafe kwankwaso, waɗanda su ne ke tsare mutum daga faɗuwa idan ya yi tuntuɓe. Duk wanda ya taɓa jinyar tsohuwar da ta faɗi ta karye a ƙugu ya san wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin shawarwarin da ta fitar a 2020, ta nemi kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, ta kuma ƙara wa waɗanda suka kai shekara 65 aikin daidaituwa kwana uku. Wannan fanni yana biyan wani kaso mai kyau na buƙatun nan biyu a zama ɗaya.

Amma fa ba da wannan ake kiran mutane ba. Abin da ake rubutawa a allunan talla shi ne za a ba mace jikin 'yar rawa, dogo siriri, a tsawaita mata tsoka, a narkar da kitsen cinya ko na mara. Wannan magana ba ta da asali a ilmin jiki. Tsoka a ɗaure take da ƙashi daga farkonta zuwa ƙarshenta, tsawon ƙashin kuwa halitta ce. Horo yana iya ƙara mata ƙarfi da kauri da sauƙin miƙewa, amma ba ya sauya siffar da aka ƙaddara wa mai ita. Haka kuma kitse ba ya barin wurin da aka motsa don an motsa wurin. Jiki yana ɗebo shi daga ko'ina, gwargwadon abin da aka ci da abin da aka ƙone. Su kuwa 'yan rawar da ake nuna hotonsu, tun suna yara aka zaɓo su saboda ƙirar da aka haife su da ita, suka shafe shekara kusan goma suna horo sa'o'i masu yawa kowace rana, kuma sananne ne a wurin likitoci cewa cutar ƙauracewa abinci ta fi yawa a cikinsu fiye da sauran mata. Ɗaukar wannan jiki a mai da shi ma'aunin uwar 'ya'ya huɗu wadda ta zo neman lafiya zalunci ne a gare ta, ko da an yi shi da murmushi da kiɗa mai daɗi.

Illar wannan alkawari a fili take. Mace ta shiga, ta jure wata biyu, ciwon bayanta ya ragu, ta soma hawa bene ba ta haki, tana ɗaukar ɗanta ba ta jin kwankwaso. Amma ta duba madubi ba ta ga jikin da aka nuna mata a talla ba, sai ta yanke hukunci cewa ta gaza, ta daina zuwa. Ta sami ainihin ribar, amma da yake ba ita aka koya mata ta ƙirga ba, sai ta tafi tana ganin ta yi hasara. Wannan ne abin da ya fi ɓata mini rai a cikin sha'anin, domin an juya fannin da aka kafa don ya ɗaga mai rauni ya zama abin da ke ƙara masa raina kansa.

Wajibi ne kuma a faɗi iyakarsa, don adalci. Shawarar nan ta Hukumar Lafiya ta haɗa da minti 150 zuwa 300 a mako na motsin da ke sa zuciya bugawa da numfashi ɗagawa, kamar tafiya da sauri, darasin sanda na asali kuwa bai cika kaiwa nan ba. Saboda haka wanda ya riƙe shi kaɗai ya bar rukuni guda. Ɗan ƙarfen kilo ɗaya ma yana isar mafari na wani lokaci ne kawai, bayan haka tsoka da ƙashi sukan nemi nauyin da ya fi wannan kafin su ƙaru.

Wanda ya yi niyyar farawa, ina ba shi shawara ya iso da wuri ya gaya wa malama duk wata larura da yake da ita, ko ta gwiwa ko ta baya, mai juna biyu da mai hawan jini kuwa su fara tuntuɓar likita. Ya kiyaye numfashi, kada ya riƙe shi lokacin da aka ce a tsaya cak, gama riƙe numfashi a cikin irin wannan yunƙuri yana ɗaga jini. Idan an ce a buɗe ƙafafu gefe, daga ƙugu buɗewar take fitowa, kuma gwiwa ta bi inda yatsun ƙafa suka dosa. Wanda ya murɗe tafin ƙafarsa fiye da abin da ƙugunsa ya yarda, gwiwarsa ce za ta biya bashin. Akwai kuma wata ɗabi'a da aka gada daga tsarin farko ta tura kwankwaso gaba a matse shi, wadda malamai da dama a yau suka sassauta saboda yawanta yana takura ƙashin baya, don haka kada mafari ya tsananta a kanta. Ya bambance zafin tsoka mai aiki, wanda ke lafawa da an huta, da suka mai tsini a cikin gaɓa, wadda umarni ce na a dakata. Tsamin jikin da zai biyo baya yakan fi tsanani a rana ta biyu, ya wuce da kansa. Kwana biyu ko uku a mako sun wadatar a farkon lamari.

Saura maganar kuɗi. A manyan biranen Amurka darasi guda sau da yawa yakan haura dala 20, ban da tufafi da safa na musamman da ake jawo hankalin mutum ya saya, har abin ya ɗauki kamannin ƙawa ta masu hali. Alhali kuwa kayan aikinsa na haƙiƙa ba su wuce abin dafawa mai ƙarfi da fili kamu kaɗan ba. Bayan kujera mai nauyi wadda ba ta zamewa tana iya tsayawa a madadin sanda, gorar ruwa a madadin ƙarfe, kuma ba sharaɗi ba ne a yi shi da kiɗa ko da matsattsun kaya. Wannan ya sa nake ganin yana da amfani ga matanmu da suka fi son motsa jiki a cikin ɗakunansu, nesa da idon maza, kamar yadda ɗakin Titin Manchester ya kasance tun farko. Abin da majigin waya ba zai iya yi ba shi ne ya ga gwiwar da ta karkace ya gyara ta, saboda haka wadda za ta koya a gida ta samu madubi ta riƙa duba tsayuwarta daga gefe, ta zaɓi darussan da aka shirya wa masu farawa, kuma idan akwai likitar gashi da motsa gaɓoɓi a asibitin da ke kusa da ita, ta je ta nuna mata yadda take rusunawa kafin kuskuren ya zama ɗabi'a.