Sa'a ko Haƙƙi: Karatun Shaihu Umar a Arewacin Zamfara

Manazarta sun saba ɗaukar Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a matsayin littafin bauta da cinikin bayi, wasu kuma su ce jigonsa haƙuri da yarda da ƙaddara. Duka biyun suna cikinsa. Sai dai marubucin malamin makaranta ne. Ya gama Kwalejin Katsina a 1933, shekarar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya gasar da ta haifi littafin, aka buga shi a 1934 yana koyarwa a Bauci. Duk wanda ya karanta shi da wannan a zuci zai ga wani jigo na uku, wato yadda yaron da duniya ta tarwatsa yake zama mutum idan ya sami mai riƙe hannunsa.

Zubin labarin ma ya nuna haka. An buɗe shi a Rauta, shaihi yana zaune cikin almajiransa, aka tambaye shi asalinsa, shi kuwa bai ɗauki tambayar raini ba, ya warware musu tarihinsa. Tun daga shafin farko mai karatu ya san inda yaron zai ƙare, don haka abin da ke jan hankalinsa shi ne hanyar da aka bi.

Hanyar kuwa mai ƙaya ce. Umar maraya ne, an sace shi yana ƙarami, an raba shi da mahaifiyarsa, mahara sun kai shi Kano. Ba wanda zai dubi irin wannan yaro ya hango malami. Abdulkarim ya tafi da shi ƙasarsu, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu, Shaihu Mas'udu kuma ya koyar da shi har ya gaje shi. Ba a ce masa bawa ne ko baƙo ne don haka ilimi ya fi ƙarfinsa ba.

A nan ne kuma raunin littafin yake. Abdulkarim yana cikin masu cin ribar fataucin da ya raba Umar da gida, amma marubucin bai matsa masa lamba ba. Yaro ɗaya aka tsamo daga cikin ɗimbin bayi, sauran ko sunayensu ba mu ji ba. Mahaifiyar Umar, wadda ta ƙare rayuwarta tana nemansa, ba ta gamu da nata Abdulkarim ba. Kulawa a wannan littafi sa'a ce, mai rabo kaɗai take faɗa wa.

Lokacin da littafin ya fito, jirgin ƙasa ya yi shekara biyar da isa Ƙauran Namoda, ana ganin zamanin ayari da hari ya wuce. Ɗalibin da ke karanta shi yau a Ƙaura ko Shinkafi ko Zurmi ba zai ɗauke shi labarin dā ba. Ya san an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, ya kuma san iyalan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka. 'Ya'yansu kan shigo aji bayan sun yi shekaru ba karatu, sun girme wa abokan zamansu, ga tsoro, ga kunyar kasa haɗa baƙi.

Bambancin zamanin Umar da namu shi ne doka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, kuma a 2023 gwamnatin Zamfara ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Ma'anar makarantar gwamnati ita ce ta mai da sa'ar Umar haƙƙin kowa. Amma doka ba ta san sunan yaro ba, malami ne ya sani. Shi zai matso da mai raunin ji ko gani gaban allo, ya haɗa wanda ya koma baya da wanda ya gane, ya hana a yi masa dariya, ya bi sawunsa gida in ya kwana uku bai zo ba. Malamin da ɗalibai suka yi wa yawa, albashi kuma ya gaza, ba zai iya wannan shi kaɗai ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka bai kamata a koyar da Shaihu Umar a wannan yanki a tsaya kan jigo da salo da taurari ba. Ya dace a tambayi ɗalibai: ina sauran yaran da aka kamo tare da Umar? Tafawa Ɓalewa bai amsa ba. Waɗannan yara kuwa suna nan zaune a layin baya na azuzuwanmu, kuma daga hannun malamansu za a nemi amsar.