Jinjina ga masu riƙon tarihin gari

Kusan kowane gari a ƙasar Hausa yana da mutumin da ake turawa wurinsa idan gardama ta tashi kan wanda ya sari garin, ko dalilin da ya sa wata unguwa ta taso daga tsohon mazauninta. Galibi ba shi da digiri. Abin da yake da shi gafaka ce, cike da takardun ajami da gara ta ci gefensu. Ya kwance igiya a hankali, ya ɗora yatsa kan layi, ya jero maka sarakuna da shekarun kowanne, ya ce ga inda kakansa ya saɓa da abin da aka rubuta. Wannan gaskiyar tasa ta fi komai burge ni.

Da irin wannan aiki Tarihin Kano ya iso gare mu tun daga zamanin Sarki Bagauda, kafin wani Bature mai suna Palmer ya buga fassararsa da Turanci a 1908. Waziri Junaidu ya yi wa Sakkwato irin wannan hidima har ƙarshen rayuwarsa. Amma a bayan kowane sananne akwai limamai, maroƙa da tsoffin mata masu riƙe da salsalar gidaje, waɗanda ba a taɓa buga sunansu ba. Allah ya saka musu da alheri.

Malaman jami'a suna da taronsu na shekara-shekara. Waɗannan bayin Allah ma sun cancanci nasu. Gidan Arewa na Kaduna da Gidan Makama na Kano, don Allah ku tara su, ku naɗi muryoyinsu tun suna raye.