Jinjina ga Masu Killace Bayanai a JavaScript

Manomin tattasai a bakin Komadugu, kusa da Diffa, yana kewaye kowane fangali da kunya don ruwa ya tsaya inda ake buƙatarsa. Haka gwanayen JavaScript ke yi, kuma sun cancanci jinjina: kowace ma'ajiyar bayani sukan killace ta cikin aikin da ke amfani da ita, da kalmar var, ko da let da const da suka shigo a 2015. Wani zai ce wahalar banza ce, tunda shafin intanet na tafiya ko ba killacewa. Haka ne, sai ranar da ayyuka biyu suka haɗa sunan ma'ajiya ɗaya, wannan ya goge lissafin wancan, kuskuren ya ƙi ganuwa. Mai killacewa ya hutar da magajin aikinsa.