Mai Gyaran Keken Ɗinki

Idan sallah ta ƙarato, tela ake yabo. Ba a cika tuna wanda ya sa kekensa ke gudu ba.

Na taɓa zama wurin wani dattijo mai gyara, wata baiwar Allah ta kawo kekenta Butterfly, na kayan ɗakinta. "Baba, tsallake yake yi, zare kuma sai tsinkewa." Bai yi gaggawar kwancewa ba. Ya juya keken a hankali, ya kasa kunne. Sannan ya zaro ƙoshiya, ya hure burbushin yadi da ya cushe ƙarƙashin haƙora, ya gyara allurar da aka sa a juye, ya sassauta zaren sama.

"Hajiya, man gyaɗa kika zuba masa, shi ya sa ya danƙare. Ki nemi man keke."

Kuɗin da ya karɓa bai taka kara ya karya ba, alhali keken nan ke ciyar da marayunta.

Albarkacin irin waɗannan hannaye tsofaffin Singer baƙaƙe ke aiki har yau. In za ki sayi na hannu, 'yar'uwa, ki tafi da mai gyara ya saurari ƙararsa kafin ki biya.