Ruwan da Aka Ce Zai Gangaro: Sharhi a Kan Rangwamen Harajin Birtaniya na 2022

A watan Satumba na shekarar 2022 ina zaune a gida, domin yajin aikin malaman jami'a ya haura wata bakwai, kuma babban aikina a lokacin shi ne taya mahaifina shayar da bulo a filin da ya shekara tara yana ginawa a bayan gari. Malamin firamare ne da ya yi ritaya. Duk sanda kuɗi suka shigo hannunsa sai ya sayi buhun siminti biyu ko uku, in sun ƙare aiki ya tsaya. A gindin wannan kangon muka ji a rediyo cewa gwamnatin Birtaniya ta sassauta wa masu sayen gida haraji, ta kuma yafe wa masu babban albashi wani kaso na nasu. Baba ya ajiye bokiti ya ce, "To su kuma 'yan haya fa?" Na amsa masa irin ta ɗalibin tattalin arziki mai ji da kansa, na ce ai idan na sama suka samu sauƙi, arziki zai gangaro har ya iske na ƙasa. Bai tanka ba. Wannan sharhi ƙoƙari ne na sake amsa tambayarsa, bayan na gane cewa abin da na faɗa masa ran nan haddar aji ce kawai.

Ranar 23 ga Satumba, 2022, ministan kuɗin Birtaniya, Kwasi Kwarteng, ya gabatar wa majalisar dokoki a Landan abin da jaridu suka raɗa wa suna ƙaramin kasafi, alhali gwamnatin Firaminista Liz Truss ba ta cika mako uku a kan mulki ba. A cikin rangwamen haraji na kimanin fam biliyan 45, biyu ne suka shafi wannan sharhi. Na farko shi ne soke harajin kashi 45 cikin 100 da ake ɗora wa, a wancan lokacin, duk abin da mutum ya samu sama da fam 150,000 a shekara, a mayar da shi kashi 40. Na biyu ya shafi harajin kan sarki, wato kuɗin da mai sayen gida ke biyan gwamnati idan an ƙulla ciniki a Ingila da Ireland ta Arewa. Aka ɗaga iyakar da harajin ke farawa daga fam 125,000 zuwa fam 250,000, ta masu sayen gida karon farko kuma daga fam 300,000 zuwa fam 425,000.

Adalci ne in fara da hujjar masu goyon baya, domin ba hujjar banza ba ce. Sun ce tun daga 1988, lokacin Nigel Lawson, har zuwa 2010, kashi 40 ne mafi girman harajin samun kuɗi a ƙasar, kuma gwamnatin Labour ta Tony Blair ta rayu da shi ba tare da an kira ta azzaluma ba. Sun ce mutum ɗaya cikin ɗari na masu samu mafi yawa su ke biyan fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na wannan haraji, kuma su ne suka fi kowa iya ɗaure kayansu su koma Dubai ko Singafo. Game da harajin kan sarki kuwa, masana da yawa, na dama da na hagu, sun daɗe suna sukarsa, domin yana hana mutum ƙaura zuwa inda aiki yake, yana kuma sa tsoho ya maƙale a babban gidan da ya fi ƙarfin buƙatarsa. Duk wannan na karɓa. Inda muka rabu shi ne wurin lissafi.

Mu ɗauki mutum uku. Mai samun fam miliyan ɗaya a shekara yana da fam 850,000 sama da waccan iyaka, kuma kashi 5 na wannan kuɗi fam 42,500 ne, da za su dawo aljihunsa kowace shekara. Mai samun fam 200,000 zai samu fam 2,500. Mai samun fam 20,000 kuwa ba shi da komai a wannan rangwame. Rabonsa yana cikin wani alkawarin daban, na rage harajin talakawa daga kashi 20 zuwa 19, kuma da yake fam 12,570 na farko ba a karɓar musu haraji, abin da zai samu kimanin fam 74 ne kawai. An yi wannan rabo ne a lokacin da hauhawar farashi ta kai kusan kashi 10, mutane suna fargabar kuɗin ɗumama ɗaki da hunturu. Mutanen da rangwamen farko ya shafa dubu ɗari shida ne da 'yan kai, a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 65.

Amsar gwamnati ita ce bunƙasar arziki, har ministan ya kafa burin kashi 2.5 a shekara. A nan ne nake ganin raunin hujjar ya fi fitowa fili. Abin da aka ba mai hali tabbatacce ne, yana da adadi, yana da ranar farawa. Abin da aka yi wa talaka alkawari kuwa ba shi da adadi, ba shi da rana, ya dogara ga zaton cewa mai kuɗin zai zuba abin da ya samu a masana'anta maimakon ya saya wa kansa gida na biyu. Bugu da ƙari, gwamnatin ba ta gabatar da hasashen ofishin nan mai zaman kansa da ke tantance kasafi ba, wanda aka kafa a 2010 domin irin wannan rana. Wanda ya amince da kayansa ba ya gudun mudu.

Akwai kuma dabarar harshe da ya kamata ɗalibin adabi ya lura da ita. Kalmar "rangwame" tana da taushi, tana sa mai sauraro ya ɗauka babu wanda ya yi asara, alhali kuwa duk fam ɗin da aka yafe, ko dai a ciyo bashinsa, ko a rage shi daga asibiti da makaranta. Haka nan jera rangwamen masu hali kusa da na "mai sayen gida karon farko" hikima ce ta mai magana. Da an ambaci wannan suna, sai zuciya ta hango ango da amarya riƙe da makulli, tausayinsu kuma ya lulluɓe abin da ke gefensu.

To, shin angon da amaryar sun amfana? Harajin da ke tsakanin fam 125,000 da fam 250,000 kashi 2 ne, saboda haka iyakar abin da aka yafe a nan fam 2,500 ne, kuma mai sayen katafaren gida a tsakiyar Landan ma ya samu nasa cif. Mai sayen gida karon farko a kan farashin da bai kai fam 300,000 ba, kamar yadda ake samu a garuruwa da dama na arewacin Ingila, dama can ba ya biyan komai, don haka bai ƙaru da ko sisi ba. Wanda ya ci moriyar sabuwar iyakar shi ne mai halin sayen gidan fam 400,000, kuma irin wannan ba shi ne ya fi kowa buƙatar agaji ba. Ɗan haya kuwa, wanda abin da ya hana shi saye shi ne rashin kuɗin kafin alƙalami, ba a waiwaye shi ba a wannan sashe.

Sannan akwai abin da duk mai zuwa kasuwa ya sani. Idan rago goma ne a kara ana gobe Sallah, aka raba wa masu saye ashirin kyautar kuɗi, raguna ba za su zama ashirin ba, farashi ne zai tashi, kyautar ta ƙare a aljihun dillali da mai dabba. Matsalar Ingila ƙarancin gidaje ce a inda ake son su. An ga alamar haka bayan hutun harajin kan sarki da Rishi Sunak ya bayar a watan Yuli na 2020, inda farashin gidaje ya yi tsalle a shekarar da ta biyo baya, ko da yake arhar kuɗin ruwa da sauyin rayuwa na lokacin annoba su ma sun taka rawa.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Ranar 26 ga Satumba darajar fam ta faɗi zuwa matakin da ba ta taɓa kaiwa ba a gaban dala. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya fito fili ya yi gargaɗin cewa matakan za su iya ƙara tazara tsakanin mai shi da marar shi. Ranar 28 ga wata Babban Bankin Ingila ya shiga sayen takardun bashin gwamnati domin ceto asusun fansho. Bankuna suka janye ɗaruruwan tayin bashin gida, kuma a watan Oktoba kuɗin ruwan bashin da ake tsayarwa na shekara biyu ya haura kashi 6. Gaskiya ne kuɗin ruwa dama yana hawa a duniya, amma kasafin ya ƙara wa wutar fetur. Ga wanda ya ci bashin fam 200,000, ƙarin kashi ɗaya kacal yana nufin kimanin fam 2,000 a shekara, ke nan fam 2,500 da aka yafe masa sau ɗaya sun narke cikin shekara da 'yan watanni. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ranar 3 ga Oktoba aka janye soke harajin kashi 45, ranar 14 aka sauke Kwarteng, ranar 20 Truss ta sanar da murabus. A watan Nuwamba sabon ministan kuɗi, Jeremy Hunt, ya sauko da iyakar harajin zuwa fam 125,140, ya kuma mayar da rangwamen kan sarki na wucin gadi zuwa ƙarshen Maris na 2025.

Su ma masu suka ban wanke su duka ba. Soke harajin kashi 45 bai wuce kimanin fam biliyan 2 ba a cikin biliyan 45, amma shi ya cinye muhawarar, domin ya fi sauƙin tayar da rai. Abin da ya firgita kasuwa shi ne yawan bashin da ba a faɗi hanyar biyansa ba. Haka kuma, a cikin hayaniyar, an rasa damar tattauna gyaran harajin kan sarki, wanda da gaske yana buƙatar gyara.

Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2025 ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko, ta kai mafi girman mataki kashi 25 ga abin da ya haura naira miliyan 50. Ta kuma tuna da ɗan haya, ta yarda ya cire kashi 20 na kuɗin hayarsa, iyaka naira 500,000, daga abin da za a lissafa masa haraji. Wannan abin yabo ne. Sai dai ta ci gaba da barin mai bashin gina gidan zamansa ya cire kuɗin ruwan da yake biya, irin rangwamen da Birtaniya ta soke tun shekarar 2000. Idan mutum biyu suka cire naira miliyan ɗaya kowannensu, wanda ke matakin kashi 25 ya tsira da naira 250,000, na matakin kashi 15 ya tsira da 150,000. Wanda banki ba zai ba bashi ba, da wanda addininsa ya hana shi cin bashin ruwa, ba su da rabo.

Mahaifina yana cikin waɗannan na ƙarshe. Saboda haka, duk rangwamen da aka kawo gabana yanzu, tambaya uku nake yi masa: nawa ya ba kowane mataki na jama'a, wa zai cike giɓin da ya bari, kuma zai ƙara yawan gidaje ko kuwa farashinsu kawai? Na Birtaniya ya faɗi a duka ukun. Da na koma na faɗa wa Baba haka, a ɗakin da muka samu muka rufa wa kwano bara, sai ya yi murmushi ya tambaye ni nawa ake sayar da buhun siminti a wannan makon, domin ɗakuna biyu na nan suna jira.