Mugunta Ba Ta da Ƙaho: Nazarin Baƙar Zuciya a Cikin Shaihu Umar da Jiki Magayi

Gabatarwa

Duk shekara idan na zauna duba takardun jarrabawar ɗalibaina a darasin ƙagaggun labarai, akwai amsoshi biyu da na san sai na ci karo da su. Idan aka tambayi jigon Shaihu Umar, sai ɗalibi ya rubuta cewa haƙuri ne da yarda da ƙaddara. Idan kuwa aka tambayi na Jiki Magayi, sai ya ce gargaɗi ne a kan mugunta, ya kawo karin maganar nan ta in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, ya miƙo takarda. Ba ni da ikon hana wa waɗannan amsoshi maki, domin mu malamai mu ne muka koya musu su, mu ma kuma haka aka koya mana. Sai dai na daɗe ina ganin amsoshin sun rage wa littattafan biyu nauyi, sun mayar da su tamkar wa'azin da ake yi wa wani, alhali kuwa da mu masu karatu suke magana.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa muguntar da ke cikin littattafan nan biyu ta fito ne daga mutanen da, in da a unguwarmu suke, da mun kira su mutanen kirki. Za a dubi hassada a cikin Shaihu Umar, da ramuwar gayya a cikin Jiki Magayi, sannan a dubi wanda ya ɗauki nauyin laifin a ƙarshe, da kuma wuraren da marubutan suka kasa.

Asalin Littattafan

A shekarar 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, a ƙarƙashin jagorancin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan yunƙuri ne aka samu littattafai biyar da manazarta ke ɗauka a matsayin tubalan farko na wannan fanni, wato Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai kuma Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin.

Ruwan Bagaja da Ganɗoki sun jingina sosai da abubuwan al'ajabi da barkwanci da jarunta. Mai karanta su yakan yi dariya ko ya yi mamaki, ya ajiye littafin zuciyarsa wasai. Shaihu Umar da Jiki Magayi kuwa sun zauna a cikin gida da fada da kasuwa, sun ɗauko abin da mutum ke yi wa ɗan'uwansa mutum. Wannan ne dalilin da ya sa na haɗa su a nazari guda.

Daga Dodo Zuwa Maƙwabci

Kafin zuwan waɗannan littattafai, Bahaushe yana da nasa hanyoyin bayyana mugunta a adabinsa na baka. A tatsuniya mugu yana da kama da ake gane shi da ita tun daga nesa. Dodo yana da girma da ƙara, Kura tana da zari da haɗama, muguwar kishiya kuwa tun jimlar farko mai ba da labari ya riga ya shaida wa yara ko wace ce ita. Yaro yakan ji tsoro, amma tsoro ne mai sauƙi, domin ya san Dodo yana can daji, shi kuwa yana nan kusa da kakarsa.

A 1974 Baturen nan Anthony Kirk-Greene ya fitar da wata maƙala a kan abin da Bahaushe yake nufi da mutumin kirki, inda ya jero halaye irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da mutunci da adalci. Abin lura shi ne, da yawa daga cikin waɗannan halaye a idon jama'a ake auna su. Mutum yana iya cika su a zaure, alhali abin da ke cikin ƙirjinsa dabam ne. Masu iya magana kan ce zuciyar mutum birninsa, kuma wannan birni ne Ɓalewa da Tafida suka yi ƙoƙarin leƙawa.

Hassada a Cikin Shaihu Umar

Duk wahalar da ta faɗa wa Umar da mahaifiyarsa ta samo tushe ne daga abu guda. Makau, mijin da uwar ta aura bayan rasuwar mahaifin Umar, bafade ne da sarki yake ji da shi. Sauran fadawa suka kasa jure ganin wannan kusanci, sai suka ƙulla masa sharrin cewa ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo a wurin hari. Sarki ya gaskata su, ya kore shi daga gari. Daga nan gida ya watse: aka sace Umar yana yaro, ya yi ta sauya hannu har ya isa Kano, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim wanda ya ƙetara da shi Sahara. Uwar kuwa ta bi sawun ɗanta, wani ya yaudare ta da alkawarin zai sada ta da shi, ta ƙare a cikin bauta, ba ta sake ganin ɗan ba sai a Tarabulus, a lokacin da wahala ta riga ta cinye ta, ta kuma rasu jim kaɗan bayan haɗuwarsu.

Mu lura da cewa fadawan nan ba su zare takobi ba, ba su zubar da jinin kowa ba. Magana kawai suka faɗa a kunnen mai iko, suka koma gidajensu suka ci tuwo. Ba su san Umar zai kwana a daji ba, ba su san uwarsa za ta mutu a baƙuwar ƙasa ba, kuma littafin bai nuna cewa hakan ta taɓa damunsu ba. Muna yawan cewa hassada ga mai rabo taki ce, mu kuma kafa hujja da cewa ai Umar ya zama babban malami. To, ina rabon uwarsa? A wajenta hassadar nan guba ce tsantsa.

Akwai kuma wani duhu da ya fi wannan zurfi, wanda ɗalibai ba safai suke lura da shi ba. Mai karatu yakan tausaya wa Makau saboda ƙazafin da aka yi masa, har ya manta da abin da ake gardama a kai. Gardamar ita ce adadin mutanen da Makau ya kamo. Mutumin kirkin labarin ya je ƙauyen wasu ne da makami, ya raba wasu uwaye da 'ya'yansu, daidai irin abin da za a yi wa Umar daga baya. Waɗannan bayi ba a faɗi sunayensu ba, ba a ba su baki ba, lissafi ne kawai a tsakanin bafade da sarkinsa. Haka kuma Abdulkarim, wanda ya riƙe Umar riƙon ɗa har ya sa shi a hanyar ilimi, fataucin da ya kawo shi Kano ya haɗa da 'yan'adam. Tausayinsa na gaske ne, amma ya tsaya a kan yaro guda.

Wannan batu ba tsohon tarihi ba ne ga masu karatun farko. Littafin ya fito a 1934, alhali kuwa dokar da ta kawo ƙarshen bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya sai a 1936 aka kafa ta. Ke nan a cikin waɗanda aka karanta wa labarin akwai wanda ya taɓa zuwa hari, akwai kuma wanda aka taɓa kamowa. Ɓalewa ya nuna musu cewa mutum yana iya yin salla da sadaka da riƙon amana, kuma ya zauna lafiya a cikin zalunci muddin al'ada ta halasta masa shi.

Ramuwar Gayya a Cikin Jiki Magayi

A nan labarin ya fara da wanda aka zalunta. Abubakar da Zainabu suna son juna tun suna yara. Malam Shaihu, attajirin da ya rasa haihuwa kuma ya sa rai Zainabu ce za ta haifa masa, ya shiga tsakani da ƙarfin dukiyarsa ya aure ta. Babu mai karatun da ba zai tsaya a bayan Abubakar ba a wannan gaɓa, musamman saurayin da ya taɓa ganin mai kuɗi ya yi masa shigar sauri.

Gwanintar littafin tana cikin yadda ya riƙe wannan goyon baya namu har ya kai mu inda ba mu yi niyyar zuwa ba. Abubakar ya bar gida, ya shiga duniya neman asirin da zai rama da shi, ya sha baƙar wahala, mu kuma muna biye da shi muna fatan ya dace. Da ya samo abin da yake nema, bai nufi Malam Shaihu kai tsaye ba. Ya nufi Kyauta, ɗan da Zainabu ta haifa, ya lalata masa rayuwa ya mayar da shi ɓarawo, domin ya san nan ne zai fi yi wa uban ciwo. Al'amarin bai tsaya ba sai da ɗa ya zama ajalin ubansa ba tare da ya san ko wane ne ba. Sannan shi ma Kyauta, da ya ji asalin abin da ya same shi, ya ɗaura ɗamarar neman Abubakar domin ya rama.

Tambayar da ya kamata ɗalibi ya yi wa kansa ita ce: a wane shafi ne na daina goyon bayan Abubakar? Da yawa daga cikinmu, in za mu faɗi gaskiya, mun makara. Abubakar bai tashi da mugun hali ba. Shekarun da ya yi yana kiwon ɓacin ransa su ne suka sāke shi, har ya iya duban ɗan matar da ya ce yana so ya ga makami kawai. Wanda aka zalunta yakan ji cewa zaluncin da aka yi masa ya ba shi lasisi, kuma babu wanda ya fi wuyar jin nasiha kamar mai ganin gaskiya tana gefensa. Shi ma Malam Shaihu ba Dodo ba ne. Son haihuwa ne ya rufe masa ido, buƙatar da kowane Bahaushe ya san zafinta, sai dai ya biya ta da farin cikin wasu.

Wanda Ya Ɗauki Nauyin Laifi

Idan aka jera littattafan biyu, za a ga sun haɗu a wuri guda. Manya ne suka yi rigima, yara da mata suka biya. Umar bai san fada ba, Kyauta kuwa ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da aka ƙulla gabar. Uwar Umar da Zainabu kowacce ta rasa ɗanta a kan rikicin da ba a nemi shawararta a kai ba. Mukan ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Littattafan nan sun nuna cewa kafin ya isa ga mai shi, yakan ciji duk wanda ya tarar a hanya. Saboda haka karin maganar ramin mugunta ba ta wadatar a matsayin jigo ba, domin tana kula ne da makomar mai ginin ramin, ta manta da waɗanda suka riga shi faɗawa.

Inda Marubutan Suka Kasa

Nazari ba ya cika sai an faɗi naƙasu. A Jiki Magayi, sanya asiri a matsayin dalilin satar Kyauta ya sauƙaƙa wa marubutan aiki fiye da kima. Da an nuna yadda gata da shagwaɓa na ɗan da aka daɗe ana nema, ko zugar abokai, suka ja shi sannu a hankali, da mun ga zuciyarsa tana kokawa kamar yadda muka ga ta Abubakar. Asiri ya ɗauke masa zaɓi, wanda ba shi da zaɓi kuwa ba a iya auna halinsa.

A Shaihu Umar kuwa, muryar mai ba da labarin ce ta lulluɓe abubuwa da yawa. Dattijon malami ne yake ba almajiransa tarihinsa cikin natsuwa, yana mayar da kome ga hukuncin Allah. Wannan ya dace da halinsa, ya kuma ba littafin kwarjini, amma ya bar ƙofa a buɗe ga mai karatu ya fake da ƙaddara ya manta cewa kowane mataki na wahalar nan akwai mutumin da ya zaɓi ya aikata shi. Yarda da ƙaddara ba ta taɓa wanke mai ƙazafi ko mai sayar da ɗan'adam ba, kuma malaman addini ba su taɓa cewa ta wanke su ba.

Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa Shaihu Umar da Jiki Magayi sun fitar da mugunta daga daji sun kawo ta cikin gari, sun ɗora ta a kan bafade da falke da attajiri da masoyi. Shekaru casa'in ke nan da fitowarsu, harin bayi ya zama tarihi, amma kai gulmar abokin aiki wurin shugaba bai zama tarihi ba, haka ma huce haushin uba a kan ɗansa. Mu da muke zaune a jami'a, inda ƙarin girma da maki da muƙami suke rataye a kan abin da wani ya faɗa a kan wani, mun fi kowa sanin ƙarfin magana guda a kunnen mai iko.

Ga ɗalibanmu masu sha'awar rubutu, waɗanda ayyukansu suka cika shafukan wannan mujalla, shawarata ita ce idan za ku ƙagi mugu, ku ba shi dalilin da ku kanku za ku iya yarda da shi, ku ba shi uwa da aboki da abin da yake tsoro. Ga mu malamai kuma, lokaci ya yi da za mu sauya tambayar jarrabawa. Maimakon a tambayi ɗalibi wane ne mugu a cikin littafin, a tambaye shi da wa ya fi kama a cikin mutanen labarin, kuma a wane wuri ne da shi ma zai iya aikata abin da suka aikata.